Ƙararrawar Manaja

Asabar, 2 ga wata, da hantsi

Ba wanda ya koya mini gyaran rediyo. Ba wanda ya ba ni jari. Shagon nan na ƙasa da ɗakunan da ke samansa, bulo bayan bulo na ɗora su da gumin dalma da sukudireba. Aji uku na yi a sakandare aka ce in koma gida, amma yau masu digiri ne ke tsayawa a ƙofata rungume da talabijin suna jiran in ɗago kai. Ni na ja wayar wutar gidan nan. Ni na ɗauki nauyin karatun 'yata har ta zama malamar makaranta, na aurar da ita ban miƙa wa kowa hannu ba. Kuma a shekarun da sa'o'ina ke neman wanda zai karanta musu saƙon waya, ni na sayi 'yar kwamfutar nan da ba ta fi tafin hannu ba, na zauna da ita ni kaɗai ina kallon masu koyarwa a waya, har na iya rubuta mata umarni, abin da masu abin ke kira kod. In ce ta kunna fitila ta kunna, in ce ta kashe ta kashe.

Na rubuta wannan ne don jiya Yaya Babba, yayar mai ɗakina, ta tsaya a tsakiyar falona ta ce namiji ba ya jinya. Ta ce a ba ta ƙanwarta ta tafi da ita gidanta, can akwai mata, akwai hannaye. "Kai kana ƙasa kana ƙona dalma, ita tana sama, ko kiranka ba ta iya yi."

Ran Laraba muka dawo da Manaja daga asibiti. Manaja nake ce mata tun muna da ƙuruciya, don ita ke yanke abin da za a yi a gidan nan, ni nawa sa hannu. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin dama. Bakin kuma likita ya ce a yi haƙuri a ba shi lokaci. Kalma ɗaya ta rage mata, "to".

Yaya ta tambaye ta ko za ta bi ta, ta ce to. Na tambaye ta ko za ta zauna a ɗakinta, ta ce to. Kowannenmu ya ce ai ka ji da kunnenka.

Malama, 'yar tamu ke nan, ita ta raba mu. Gidan mijinta da makarantarta suna can ƙarshen gari, sai Asabar da Lahadi take samun zuwa. Ta ce a bar Baba ya gwada zuwa ƙarshen wata, in an ga da hali Mama ta zauna, in babu, Inna, wato Yaya, ta ɗauke ta. Yaya ta ce da me zai gwada? Na ce da kaina. Ta dubi kan nawa ta yi tsaki.

Matar da ta yi shekara talatin da ɗoriya a ɗakin nan ba za a naɗe ta kamar tabarma a kai ta gidan wani ina raye ba.

Litinin, 4 ga wata, da yamma

Na gama.

Na ɗauki madannin ƙararrawar ƙofa, mai laushi, wanda ko jariri zai iya dannawa, na dasa shi a cikin gidan sabulu na roba don ya cika hannu. Na ja waya biyu daga gefen gadonta, ta taga, ta bi bango ta sauko har kan teburina. Ita 'yar kwamfutar tana da wasu 'yan ƙarafa jere a gefenta kamar haƙoran matsefi, kowane haƙori da lambarsa. Ɗaya na ba madanni. Ɗaya na ba wata jar fitila 'yar mitsitsiya, da rezistarta don kada ta ƙone. Ɗaya na ba ƙararrawar da na ciro daga wani mataccen agogo. Na haɗa mata batir saboda ɗaukewar wuta.

Umarnin ba shi da yawa. Na ce mata ta zauna tana tambayar haƙorin nan ba hutu, an danna? an danna? In ya ce e, ta kunna jar fitila ta saki ƙararrawa, kada ta daina sai na zo da kaina na ce ya isa. Ba ta gajiya da tambaya, ba ta mantuwa, ba ta tsaki. Shi ya sa nake ganin ta fi wasu mutanen.

Mai Walda, maƙwabcina na hagu, ya leƙo da baƙin tabaransa a goshi ya tambayi ko jirgin sama nake haɗawa. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Injiniya, to ita ƙararrawar ƙofar da ka cire wa madanni me ta yi maka? Ai ko gwangwani da igiya ya yi wannan aikin." Na ce masa ƙararrawar ƙofa da an ɗage yatsa ta yi shiru, in ina bayan gida ko ina ciniki a bakin titi shi ke nan kira ya wuce. Tawa tana riƙe kira har in zo. Kuma nan gaba zan koya mata aika saƙo wayar Malama. Ya ce shi dai kansa ƙarfe ne, ya koma wajen aikinsa.

Talata, 5 ga wata, bayan magariba

Ta kira. Ina cikin kwance bayan wata fanka ƙararrawa ta ɗauka, na bar sukurori a warwatse na haura. Ruwa take so. Tana nuna kofi da ido, gidan sabulun yana cikin hannunta na hagu. Na ce Manaja ta koma ofis ke nan, an fara aiken masinja. Rabin bakinta ya motsa. Na san dariya ce, ko wani bai sani ba.

Ruwa, sai juyi, sai wanda ba a rubutawa. Na ƙarshe na rasa me take so. Na nuna kofi, na nuna filo, na nuna taga, duk ba su ba ne. Na zauna kawai a bakin gado har ta yi barci. Ina jin shi ke nan abin da take so.

Na kira Yaya a waya don ta ji ƙarar da kunnenta. Ta ce ta ji, tana da aiki a gabanta.

Alhamis, 7 ga wata, da la'asar

Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa tun safe. In haura in tarar tana barci, madanni na can gefen filo ba wanda ya taɓa shi. In sauko, kafin ƙarfen dalma ya sake yin zafi ta kuma. Ba na iya ƙin hawa, don ban san wanne ne nata ba.

Wani mai rediyon mota ya gaji da jira ya ɗauke abinsa. Ya ce ya ga yau motsa jiki nake yi, zai dawo ranar da nake gyara.

Na bi wayar daki-daki da mitar gwada wuta, lafiyarta lau. Na karanta kod ɗin daga sama har ƙasa, ba kuskure. Ni na rubuta shi.

Gwiwata ta hagu ta fara ciwo.

Juma'a, 8 ga wata, bayan magariba

Haka dai. Matakalar nan ni na zuba ta, yau na ga na yi mata tsayi.

Asabar, 9 ga wata, da azahar

Ma'aikaciyar asibiti mai motsa mata gaɓoɓi ta zo. Ta nuna mini yadda ake lanƙwasa ƙafar a miƙe, yadda ake juya ta ba a ja kafaɗa ba. Ta bar wata 'yar ƙwallon roba, ta ce hannun hagun ma bai dawo da ƙarfinsa ba, a riƙa ba ta tana matsawa. Ta faɗi wasu abubuwan, amma ƙararrawa ta ɗauka muna tsaye a bakin gadon mu biyu, ba mai taɓa komai, na sauka da gudu in kashe ta kafin yarinyar ta yi mini tambaya.

Abincin da na dafa ya yi gishiri. Manaja ta ci cokali kaɗan, ta dube ni irin kallon da take yi mini in na sayo labulen da bai dace da kujera ba.

Lahadi, 10 ga wata, da yamma

Yau ƙararrawa ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba.

Malama ta wuni. Ta yi wa uwarta wanka, ta gyara mata kai, ta dafa abin da zai kai mu tsakiyar mako ta sa a firij. Ta same ni ina gyangyaɗi a kan kujera da mita a hannu. Ta ce, Baba, ko a samo wadda za ta riƙa zama da ita da rana? Na ce baƙuwa ba za ta shiga ɗakin matata ba, kuma in an kawo wata ai Yaya ta samu abin faɗa, za ta ce ga shi na kasa. Ta ce ba gasa ake yi ba. Na ce ta je ta gaya wa innarta haka.

Abin da ke ci mini rai shi ne, me ya sa ranar Lahadi ba ta ƙarya?

Litinin, 11 ga wata, da la'asar

Na kama ɓarawon. Ina tsaye a ƙofar shago ina shan shayi, Mai Walda ya ɗora sandarsa a kan wani ƙyauren ƙarfe, wuta ta yi tartsatsi, a take ƙararrawa ta ɗauka a bayana. Na ce ya sake. Ya sake, ta sake. Ranar Lahadi ba ya buɗewa.

Ni da na tsufa a cikin rediyo ya kamata in gane tun farko. Doguwar waya eriya ce. Tana kwaso hayaniyar injinsa ta kai wa haƙorin, shi kuma ba shi da wayon da zai bambance yatsan mutum da tartsatsi.

Mai Walda ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ashe duk kwanakin nan shi ke aike na sama, "Ka ga ni ma na zama manajanka." Can ya tambayi jikin Manaja, ya ce in ina so ya koma yin aiki ta bayan shago. Na ce ya yi sana'arsa inda ya saba, matsalata ce, ni zan kashe ta.

Hanya biyu ce. Ko in sauke wayar gaba ɗaya in murɗa ta, in canza mata hanya, in ƙara rezista da kafasita a bakin haƙorin su tace hayaniyar, aikin tsani da rana, da wannan gwiwar. Ko in gyara a cikin kod ina zaune a kujerata. Tartsatsi ƙiftawar ido ne, mutum kuwa in ya danna yana daɗewa. Sai na ƙara layi ɗaya. Na ce mata in an danna kada ki yarda tukuna, ki jira, in har yanzu ana danne to kira ne na gaskiya. Da farko daƙiƙa ɗaya na sa, wani dogon tartsatsi ya tsallake. Na mai da ita uku don in huta gaba ɗaya.

Na gwada da babban yatsana, daidai. Na sa Mai Walda ya yi ta ƙona ƙarfe, ba ta ce uffan ba. Na haura na ɗora hannun Manaja a kan madannin, na ɗora nawa a kai, na ce ki danna ki riƙe, kamar haka. Muka riƙe. Daga ƙasa ƙararrawa ta amsa. Na ce kin gane? Ta ce to.

Masu digiri su zo su ga yadda ake kashe matsala da layi ɗaya.

Laraba, 13 ga wata, bayan magariba

Shiru. Na fitar da talabijin uku da injin markaɗe. Manaja ba ta kira ba ko sau ɗaya, alamar jiki na sauƙi ke nan. Na hau da azahar na ba ta abinci, na sake hawa da la'asar na tarar da shimfiɗarta a jiƙe.

Na yi wanki.

Alhamis, 14 ga wata, da yamma

Ba ta kira ba. Na yi wanki. Na shanya a baya, inda ba a hangowa daga titi.

Juma'a, 15 ga wata, da la'asar

Na tsinci gidan sabulun a ƙasa, can iyakar inda wayarsa ta kai. Ba faɗuwa ya yi ba, faɗuwa ba ta kai nan. Na ɗauka na goge na mayar mata a hannu, na ce wannan ba abin wasa ba ne, na sha wuya a kansa. Ta juya fuska bango. Na kawo shayi, ta datse baki.

Ban san me na yi ba. Ina zargin Yaya ce ke zuga ta, don ta zo jiya sun daɗe, ita tana ta magana ƙasa-ƙasa. In ba haka ba, mace tana da abin kira a hannu, mijinta na ƙasa, ta gwammace ta kwanta a cikin...

Na yi wanki. Sabulu ya fara tsattsaga mini yatsu, in na riƙe ƙarfen dalma sai su yi ta zogi.

Lahadi, 17 ga wata, da yamma

Malama ta ce leɓen uwarta a bushe yake, ta ce ta rame. Ta tambayi sau nawa take kira a wuni. Na ce ta rage. Ta ce ta rage ko ta daina?

Na ɗauki madannin a gabanta na danna, ƙararrawa ta amsa daga ƙasa har maƙwabta sun ji. Na ce to ga shi, inji ba ya ƙarya, in an kira zai faɗa. Uwarki ce take fushi, kuma ba yau ta fara ba, ta taɓa yin mako ba ta yi mini magana ba a kan na sayar da tsohon kabad ɗinta.

Malama ta durƙusa a bakin gado ta ce, "Mama, ki riƙa kiran Baba, kin ji? Kada ki riƙa jin nauyi." Manaja ta dube ta, ta dube ni, ta ɗaga gidan sabulun kaɗan ta sake shi a kan bargo. Hawaye ya bi gefen ido ya shiga kunne. Malama ta share mata, ta ce ciwon ne yake sa su haka, likita ya faɗa.

Litinin, 18 ga wata, bayan magariba

Wanki. Ba ta kira ba. Na gaji.

Talata, 19 ga wata, da yamma

Yaya ta zo da hantsi. Ba ta biyo ta shago ba, ta hau ta matakalar waje. Ina gwada wata rediyo, na ƙure mata murya don in ji inda take shaƙewa. Ba ƙararrawa na ji ba, salatin Yaya na ji.

Ba zan rubuta yadda na sami Manaja ba. Tsakanin gado da bango. Kofin ruwa ya kife can gefe, shi ta miƙa wa hannu. Ƙasan ɗakin da sanyi, ita ma ta yi sanyi, ba a san tun yaushe ba. Ta jawo madannin ta wayarsa, yana cikin hannunta, sai da Yaya ta ɓamɓare yatsun.

Ni da Mai Walda muka ɗaga ta. An duba a asibiti, ba karaya, sai goshi da kafaɗa.

Jar fitila ba ta kama ba. Na duba. Ba ta kama ba.

Laraba, 20 ga wata, da la'asar

An taru a falona kamar ana shari'a. Yaya ta ce ba sai an jira ƙarshen wata ba. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san mara lafiya mutum yake so a kusa da shi, ba gidan sabulu ba. "Ka mai da 'yar'uwata abin gwaji. Talabijin ce ita?"

Na ce a zo a gani da ido. Muka shiga ɗaki na danna, ƙararrawa ta amsa. Yaya ta ce ai kai kullum tana amsa maka. Malama ta karɓa ta taɓa ta saki, shiru. Na ce ki riƙe mana, sai an riƙe, ai na gaya wa uwarki. Ta riƙe, ta yi ƙara. Malama ta saki. Ta dubi madannin, ta dubi hannun uwarta da ke kan bargo, ta ajiye shi a hankali.

An tsayar da Lahadi za a tafi da ita, don sai an gyara mata ɗaki a can. Kafin nan Yaya ta tare a falona da jakarta. Ba ta tambaye ni ba.

Alhamis, 21 ga wata, da azahar

Ban buɗe shago ba. Da Yaya ta fita sayen magani na ajiye kofin ruwa inda Manaja take gani, na ce na sauka. Na taka matakala da ƙarfi har ƙasa, na cire takalmi na dawo a hankali, na tsaya bayan labule.

Ba a daɗe ba ta laluba ta kamo shi. Ta ɗora babban yatsa ta danna. Yatsan ya yi rawa ya zame. Ta sake, ya zame. Ta ɗora shi a ƙirji ta danna da tafin hannu, hannun ya yi rawa ya saki. Ina ƙirgawa a zuci, bai taɓa kai biyu ba. Tana yi tana kasa kunne wajen taga. Ta huta, ta sake. Ta yi ta yi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ta san da mutane a ciki.

A ƙasa kuwa kwamfutar tana ji. Kowanne ta ji. Ni na ce mata kada ta yarda.

Ranar da muka gwada, hannuna ne a sama.

Na shiga na ba ta ruwa. Ta sha da yawa.

Juma'a, 22 ga wata, da yamma

Na ari tsanin Mai Walda. Na sauke wayar, na murɗa ta, na bi da ita ta bangon baya, na sa rezista da kafasita a bakin haƙorin. Kafin azahar na gama. Abin da na guje wa ke nan, kafin azahar.

Na goge layin. Yanzu ko shafa madannin aka yi tana amsawa, Mai Walda kuwa ya ƙona ƙarfe har ya gaji ba ta kula shi ba. Na ƙara koriyar fitila a jikin gidan sabulun, da an taɓa ta kama, don mai kira ya san an ji shi.

Mai Walda ya riƙe mini tsani tun farko har ƙarshe bai zolaye ni ba. Da ma ya yi.

Da Yaya ta shiga kicin na zauna a bakin gado na yi wa Manaja bayani. Na ce lamba ce, uku na sa inda bai kamata ba. Na yi mata bayanin eriya, da tartsatsi, da yadda kod yake jira. Na daɗe ina magana. Na ajiye madannin kusa da hannunta, ban taɓa hannun ba. Na ce gwada ki gani, kin ji?

Ba ta ce to ba.

Asabar, 23 ga wata, da la'asar

Ba ta taɓa shi ba. Yaya na zaune a gefenta wuni guda, wa za ta kira.

Malama ta sauko shago, ta ga sabuwar waya ta tambaye ni me na canza. Na ce gyara ne na yau da kullum. Ta ce tun yaushe yake buƙatar gyaran? Na ce ta miƙo mini filaya. Ta miƙo, ta tsaya tana kallon yatsuna, ta ce ba za ta gaya wa Inna ba.

Ban roƙe ta ba.

Lahadi, 24 ga wata, bayan magariba

Na ce wata bai ƙare ba, alkawari ƙarshen wata aka yi. Na ce yanzu abin ya gyaru, na shafa madannin da ƙaramin yatsa a gaban kowa, koriya ta kama, ƙararrawa ta amsa. Yaya ta ce, "Ya gyaru? Ashe da a lalace yake." Na ce ban ce haka ba.

Mijin Malama yana ƙasa da mota, ya daɗe yana jira. Malama ta ce ita ta gaji da mu, mun yi ta magana a kan Mama kamar ba ta ɗakin. Ta ce a tambaye ta, amma ba da baki ba, tunda bakin kowa yake ba gaskiya. Ta sunkuya ta ce, "Mama, ga Baba, ga Inna. Ki kama wanda kike so ki zauna wajensa."

Ta hagu na tsaya, ɓangaren hannu mai motsi, da gangan. Yaya tana ta dama. Hannun ya tashi a hankali yana rawa, ya wuce ni, ya tsallaka jikinta gaba ɗaya ya kama gefen mayafin Yaya. Ta riƙe. Na ƙirga ba da niyya ba. Ya wuce uku nesa ba kusa ba.

A kan kujera muka sauko da ita, ni da mijin Malama. Ni na riƙe ta sama. A tsakiyar matakala gwiwata ta so ta ba ni kunya, na hana ta.

Talata, 26 ga wata, da hantsi

Ba wanki. Na rasa abin da ake yi da hantsi.

Ban kashe kwamfutar ba. Tana nan a kan tebur tana tambayar ɗakin da ba kowa.

Alhamis, 28 ga wata, da yamma

Mai Walda ya shigo da kwanon abinci daga gidansa ya ajiye a kan wata talabijin. Ya tambayi ko na je na gano ta. Na ce ba a gayyace ni ba. Ya ce, "Matarka ce, Injiniya, ba taron biki ba ne." Na ce aiki ya yi mini yawa. Ya dubi teburin, ba abin da na kwance tun Lahadi, ya ce haka ne, ya ga alama.

Na ci abincin. Gishirinsa daidai.

Asabar, 30 ga wata, bayan magariba

Na je gidan Yaya. Na naɗe waya da madanni da kwamfutar na sa a jaka, don in dasa mata a can. Yaya ta tare ni a ƙofa ta ce in bar jakar a nan. Ɗakin da suka ba Manaja ƙofarsa na kallon falo, ko tari ta yi ana ji. Na bar jakar.

An yi mata wanka, leɓen ya dawo. Na zauna a kan kujerar da ke gefen gado. Ban yi mata bayanin komai ba. Can na ga tana kallon kofi, na ɗauka na tallafi kanta. Ta daɗe ba ta buɗe baki ba. Sannan ta sha rabi.

A falo ina jin su suna rabon kwanaki, don Yaya ba za ta iya ita kaɗai ba, tana da nata ciwon ƙafa. 'Ya'yanta mata biyu, da surukarta, da Malama. Wannan ta ɗauki Litinin da safe, waccan Talata da yamma, Malama tana shigarwa a wayarta. Safiya ce ta ba su wuya, kowa na da aiki ko yara. Wata ta ce Baba fa? Wata ta ce ai shi yana da shago.

Na fito na ce a ba ni safiya, kullum, daga buɗe ƙofa zuwa azahar. Yaya ta ce, "Zama ne fa. Ba abin da za ka kwance, ba abin da za ka ɗaura." Na ce na ji. Ta ce talabijin ɗin mutane fa? Na ce su jira, sun saba.

Malama ta riƙe wayar tana kallon innarta. Yaya ta ce za ta yi tunani. Ban ga an rubuta ba har na fito.

Gobe da safe ina can. In an hana ni ɗaki, akwai benci a ƙofa, na gan shi. Amma ba zan zauna kamar baƙon da ya zo dubiya ba. Na aika wa Malama saƙo yanzu, kuma ina maimaitawa a nan. A sa ni cikin masu jinya. Ba "Baba" ba, ba "mijinta" ba. A rubuta sunana cikakke, a layin farko.